Neman Dangi a Kurmi

Bahaushe bai gaji sunan iyali ba. Abin da ya gada shi ne sunan yanka, da laƙabin da kaka ta liƙa masa tun yana goye, sai sunan uba idan ana son bambanta shi da takwaransa na maƙwabta. Sunan nan da ke bin zuri'a tun daga kaka har tattaɓa-kunne, makarantar boko da takardun gwamnati ne suka kawo mana shi, kuma har gobe bai zauna da gindinsa ba. Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk sunan gari suka amsa. Wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, sai ka tarar wannan ya rubuta sunan uba a makaranta, wancan ya rubuta na kaka, autansu ya rubuta na unguwa. A Ingila tun 1538 aka umarci coci-coci su riƙa rubuta wankan baftisma da aure da jana'iza, shi ya sa Bature mai neman asalinsa zai zauna gaban kwamfuta ya bi suna ɗaya har ƙarni huɗu baya. A Turkiyya doka ce ta tilasta wa kowa ɗaukar sunan iyali a 1934. Mu kuwa, wanda ya ce da suna zai nemo danginsa, to ya ɗaura ɗamarar yawo.

Mu Agalawa ne, daga kudancin ƙasar Kano, wajen Bebeji da Madobi, inda fataucin goro ya zama gado. Kakan kakana yana da ƙane da ya bi ayarin Gwanja yana saurayi bai komo ba. Ba ɓata ya yi ba. Fatake sun yi ta kawo labarinsa, cewa ya yi aure, ya hayayyafa, har wani ɗansa ya gangaro Ikko, wato Legas, ta jirgin ruwa. Daga nan labari ya yanke. Gwaggona, wadda ita kaɗai ta rage cikin masu riƙe irin wannan zance, ba ta da adireshi ba ta da lambar waya. Cewa kawai ta yi, "Ka je Obalende, ka tambaya a masallaci. Kada kuma ka je wa mutane hannu rabbana." Ba a kai goro Kurmi, don haka turare da dabino na riƙe.

Wanda ya sauka a ƙarƙashin gadar Obalende da la'asar sakaliya, kunnensa ne zai fara shan wuya. Motocin danfo rawaya sun yi cincirindo, kwandastoci na rataye a ƙofa suna kiran Oshodi da Yaba da Ajah da iyakar maƙogwaronsu. Amma da ka kutsa cikin lunguna sai Hausa ta fara tashi ta ko'ina: mai shayi yana fasa ƙwai, wanzami yana wasa aska, mai tsire ya kewaye garwashi da tsinkaye yana barbaɗa yaji, hayaƙin yana bin masu fitowa daga ofis har cikin mota. Mutanen Legas da yawa tsiren nan kaɗai suka sani game da Hausawan unguwar. Alhali zaman ya fi tsiren daɗewa nesa ba kusa ba.

A 1863 Baturen nan John Glover ya tara wasu 'yan Arewa, akasarinsu bayin da suka tsere wa iyayengijinsu, ya ba su bindiga da kaki. Su ne aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma daga gare su rundunar sojan Najeriya take ƙirga haihuwarta. Labarin da mutanen unguwar ke bayarwa shi ne, da farko sansanin sojojin yana wajen filin sukuwa, inda Dandalin Tafawa Ɓalewa yake a yau, daga baya aka taso su aka dawo da su nan. Soja kuwa ba ya zama shi kaɗai. Mahauci ya biyo shi, malami ya biyo shi, mai tuwo ta biyo shi. Barikin Dodan, inda shugabannin mulkin soja suka zauna daga 1966 har aka koma Abuja a 1991, yana nan maƙale da unguwar, kuma a hanyar zuwa can ne aka harbe Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairun 1976. Abin da ya fi jan hankalina cikin tarihin shi ne, Glover ya kwashi waɗannan sojoji ya kai su yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, kuma da yawa daga irinsu a can suka yi zamansu. Tun kafin a san fasfo, akwai igiya tsakanin Ikko da Ankara ta Gana, kuma Hausa ake ji a bakinta biyu.

Bayan sallar magariba aka nuna mini wani dattijo da ke zaune kan buzu a jikin bango, an ce ba baƙon da ya kwana a unguwar tun zamanin Gowon bai san da shi ba. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, Allah ya ƙara lafiya. Daga Kano nake, zuri'ar wani kakanmu nake nema."

"Madalla. Wane ne shi?"

Na faɗi sunan da ke jikin katina na ɗan ƙasa. Ya yi murmushi, ya ajiye carbi a cinya.

"Yaro, wannan ai sunan takarda ne. Masu shi sun fi ɗari a layin nan kaɗai. Ka gaya mini me yake sayarwa, wa ya sauke shi, wane zane ne a fuskarsa."

Da na ce goro, na ce Ba'agale ne da ya zo daga Gwanja ta ruwa, sai ya gyara zama. Ya kira wani sa'ansa, suka shiga jero sunayen masu gidajen baƙi na da, suna musu a kan wanda ya riga wani rasuwa. Ni dai na zama ɗan kallo. Can ɗayan ya ce, 'yan goron da suka zo ta ruwa ba su daɗe a tsibiri ba, bakin layin dogo suka koma. "Ka tafi Agege, ka nemi layin 'yan goro, ka ce 'yan Gwanja kake nema. Kada ka ambaci wannan sunan naka, ɓata maka lokaci zai yi."

Tambayar nan ta "wa ya sauke shi" ita ce mabuɗin zaman Kurmi gaba ɗaya. Baƙon da ya iso zango wurin mai gida yake sauka. Mai gida ne zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba da bashi, in ya ga hankalinsa ma ya yi masa aure. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Ibadan ya fitar da littafi a kan zaman Hausawan wurin a 1969, ya nuna cewa cinikin goro da na shanu kacokan a kan wannan amana suka tsaya. To mutumin da ya shekara ashirin ana ce masa yaron wane, ranar da ɗansa zai shiga makaranta malami ya tambayi sunan uba, ba abin mamaki ba ne a rubuta sunan mai gidan. Haka zuri'a take sauya suna ba tare da kowa ya yi niyyar ɓoye komai ba.

Agege goro da jirgin ƙasa ne suka raya ta. A da, goron da ake ci a ƙasar Hausa daga dazuzzukan Ashanti yake fitowa, a saye shi a kasuwar Salaga. Ayari zai tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, ya ratsa Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yendi, tafiyar watanni. Yaƙin 1874 ya karya ƙarfin Ashanti ya dagula hanyar, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya tarwatsa kasuwar baki ɗaya. Mutanenta suka fantsama Kete-Krachi da Yeji da Kumasi da Ankara. Cikinsu har da shahararren malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Sai goro ya koma bin teku zuwa Ikko. Da dogo ya isa Kano a 1911, abin da jaki ke yi a watanni jirgi ya koma yi a kwanaki. Manoman Agege da Ota, daga baya da na Shagamu, suka ga ai su ma ƙasarsu za ta yi irin wannan goro, suka dasa. Ɗan goro kuwa inda huhu yake nan yake kwana.

Yanzu gonakin sun zama gidaje, gadar sama ta hau kan Pen Cinema, sunan garin ma burodi ya fi tunawa mutane. Amma layin 'yan goro yana nan. Na tarar da wani yana zaɓe, ya baje goro a kan buhu mai laima, yana ɗaukar kowane ɗaya yana juya shi tsakanin yatsu, yana ware fari da ja, yana jefar da wanda ƙwaro ya huda a wani kwano daban. Hannunsa na aiki, idonsa na kaina. Da na ce 'yan Gwanja nake nema, tambayar farko da ya yi mini ita ce, "Malam, ba dai maganar gado ba ce ko?" Ban ga laifinsa ba. Fili a Legas ya yi tsadar da duk wanda ya ɓullo daga Arewa yana kiran sunan mamaci, dole a dube shi sau biyu. Sai da na rantse masa cewa ko taku ɗaya ba na nema, sannan ya haɗa ni da yaro ya raka ni wani tsohon gida mai dogon zaure.

Mazan gidan sun karɓe ni da mutunci, amma ba su san komai ba bayan sunan kakansu. Sunan da ke jikin takardunsu laƙabin sana'a ne, ba ya kama da nawa ko ta ina. Babbansu ya ce, "Sai dai a shiga da kai wurin Hajiya." Wannan na lura da shi duk inda na bi: maza suna riƙe sunan da ke kan takarda, mata suna riƙe wanda ya auri wa, wanda ya sha nonon wa, da wadda aka saka ta koma gidan wa da cikin wata uku. Mai neman salsala da ya tsaya a zaure, rabin labari zai koma da shi.

Hajiya ta haura saba'in, siririya, da zanen gidanmu a fuskarta, irin wanda na buɗe ido na gani a fuskar kakana. Mu ba a yi mana ba, asibiti ta raba mu da askar wanzami. Ba ta ce mini komai ba sai da ta sa na jero mata iyayena daga ni har sama, tana lanƙwasa yatsa a kan kowane suna. Ta jero nata ita ma. Lissafin ba na wasa ba ne, don shi zai nuna mata ko ɗa ne a gabanta, ta kama kanta, ko jika ne, ta sake. Da yatsun suka tsaya sai ta tafa hannu.

"Ashe maigidana ne ya zo! To ina cefanen? Shekara da shekaru ka bar ni, ka zo mini da dabino kamar mai buɗa-baki?"

"Hajiya, ai tsufan ne ya sa na yi nisa. Amarya nake nema."

"Ka nemo, mu ga wadda za ta kwashe ka da wannan ƙeyar."

Daga nan ta sa aka jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai hoto baƙi da fari na wani mutum da rawani, hatimin mai hoto na Ankara a bayansa. Akwai wasiƙar ajami da ta tsage a kan lanƙwasa, wadda rabinta gaisuwa ce rabinta lissafin huhun goro. Akwai katunan biki da na sadakar arba'in da aka ɗaure da kyauron roba. Katunan nan sun fi komai amfani. A kowane ɗaya an jero iyalan da ke gayyata, har da garuruwansu, kuma a nan na fara ganin gidanmu ɗaya ya fito da sunaye huɗu daban-daban a kan takarda guda.

Ita kanta a Gana aka haife ta. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice daga ƙasar. Dokar ta faɗa kan mutanen da iyayensu ma a can aka haife su, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Ogbomosho ba. Hajiya tana sabuwar amarya aka loda su a bayan babbar mota, da tabarmi da tukwane, ta sauka a gidan baffanta a Agege. Wanta kuwa ya zauna, domin takardunsa da sunan mai gidan ubansu aka yi su, ƙanwarta ma ta zauna don ɗan ƙasa take aure. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin tata korar, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka kama hanya, da jakar nan mai ratsi da har yau take amsa sunan abin. Duk kora biyun sun raba ɗaki ɗaya gida biyu, kuma kowane ɓangare ya koyi cewa sunan da ya fi kama da na 'yan ƙasa ya fi kwanciyar hankali.

Wani zai ce, to gidan Ɗantata fa, ba ga suna ya bi zuri'a ba? Ya bi, amma a duba yadda aka yi. Alhassan Ɗantata shi ma Ba'agale ne, an haife shi a Bebeji a 1877. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Ankara, aka bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda ta raine shi. Sunan da ya fi kowane sunan kasuwanci amo a ƙasar Hausa, na mai raino ne, ba na uba ba. Da ya tasa ya bi uwarsa har Ankara, daga baya ya shiga sahun farko na masu ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, kafin gyaɗa ta ɗaukaka shi. Ya rasu a Kano a 1955. Dukiya da kamfani ne suka daskarar da sunan ya zama na iyali. Duk da haka, attajirin da ya fi kowa shahara cikin zuri'ar a yau, Aliko Ɗangote, wanda ya mai da Legas mazauninsa tun ƙarshen shekarun 1970, ta wajen uwa ya fito, jikan Sanusi Ɗantata ne, kuma wani sunan yake amsawa. Alhaji Aminu Ɗantata da ya rasu a 2025, a Madina aka binne shi. Idan gidan da kowa ya sani ya bazu haka, ina ga namu da ba mu da dalar gyaɗa ko ɗaya?

Hajiya ta ba ni lambar ƙanwarta, amma ta ce kada in kuskura in tsaya a waya, zumunta a ƙafa take. Na hau mota a Mile 2. Hanyar ba ta da wani tsawo, iyakoki ne suka yi mata yawa: Seme, sai Hillacondji bayan Kwatano, sai Aflao bayan Lome, kowace da layinta da hatiminta. Kwatano da Lome kowanne yana da unguwar da ake kira Zango, kuma a kowace tasha da ka yi sallama da Hausa za a amsa. A kan hanyar ne na ga yadda alƙalamin ma'aikaci yake ƙara raba abin da ya riga ya rabu. Abubakar ɗaya ne, amma a Legas zai iya komawa Bakare, a ƙasashen Faransanci Aboubacar, a Gana Bukari. Ibrahim ya zama Buraimo a nan, Braimah a can. Wanda ya zuba sunan kakansa a intanet yana jiran ya ga dangi, ko sun fito ba zai gane su ba.

Sabon Zangon Ankara Malam Bako ne ya kafa shi a farkon shekarun 1910, ɗan Malam Nenu mutumin Katsina, a filin da ya samu daga sarakunan Ga. Lungunansa matsattsu ne, gidajen da zaure da tsakar gida kamar an ɗauko su daga cikin birni. Da safe koko da ƙosai ake sha, da rana shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har ta yi ja. Hausar wurin ta sha ruwan teku: ba ruwanta da bambanta namiji da mace, sai ka ji uwa ta ce da 'yarta "ya tafi kasuwa" ko a jikinta. Kada Bakano ya yi dariya, don su ma suna da abin da suke faɗa a kan tamu. Babban limamin ƙasar, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a Ankara a 1919, daga irin waɗannan gidaje na Hausawa ya fito, kuma ba wanda ke ce masa baƙo.

'Ya'yan wan Hajiya suna nan, ɗaya direba, ɗaya malamin makaranta, ɗaya yana sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai. Sunan mai gidan kakansu suke amsawa, an rubuta shi da rubutun Gana. Sun san su Hausawa ne, sun san an ce Kano, amma kalmar Agalawa a bakina suka fara jin ta. Malamin makarantar ya ɗauko littafi ya ce mu zana bishiyar gidan, muka cika shafi biyu, ya ce akwai wani reshe a Kumasi, akwai kuma wata gwaggonsu da aure ya kai Abidjan. Ƙaraminsu ya kawo shawarar a yi gwajin jini irin na Turawa a tabbatar.

Ƙanwar Hajiya tana gefe a kan kujera 'yar tsugunno tana jin mu, tana gyaran ganyen miya. Ta bari sai da muka gama, sannan ta ce a miƙo mata littafin. Ta juya shi sama da ƙasa ta mayar.

"Wannan takardar, in na mutu wa zai karanta? Kai maigida, ƙannenka maza nawa ne ba su yi aure ba?"

Na ce biyu.

"To ina da jikoki mata uku, ɗaya ta gama karatun jinya. Ka koma ka gaya wa gwaggon taka ta turo a gani. Kuɗin mota ni zan biya na zuwa, ku ku biya na komawa."